Gwangwanin da Na Binne a Gaithersburg

Fasfona ya bar hannuna tun ba mu fita daga harabar filin jirgin Dulles ba. Ina zaune a bayan mota, kunnuwana ba su gama washewa daga ƙugin jirgi ba, sai Anti Saratu ta waiwayo ta miƙo hannu, ta ce in kawo ta adana mini, wai a ƙasar Turawan nan yarinya ba ta yawo da irin wannan abu. Da hannu biyu na ba ta, har da godiya.

Ita da mahaifiyata, Inna, 'ya'yan wa da ƙane ne. Nas ce a wani asibiti, mijinta kuma, Kawu Isiyaku, yana karatu yana tuƙin tasi. Da ta je Funtuwa ganin dangi ta iske na gama sakandare ina zaune, sai ta ce a ba ta ni in taya ta renon 'yarta Nana na ɗan lokaci, ita kuma ta sa ni makarantar koyon aikin nas. Abin da ya kawo ni ke nan, ko in ce abin da na zaci ya kawo ni.

Gidan yana Gaithersburg, cikin wani layi na gidaje manne da juna, kowanne sak ɗan'uwansa. Ɗakina a ƙarƙashin ƙasa yake, kusa da injin wanki. Tagarsa 'yar mitsitsiya ce can sama, daidai da ciyawar waje, abin da nake gani ta cikinta ƙafafun mutane ne da na karnukansu. Ni ce shara, ni ce girki, ni ce wanki da guga da goyon Nana. Ba aikin ne ya dame ni ba, a gida ma ba a kwance na tashi ba. Maganar makaranta ce. In na tayar da ita sai Anti ta ce an rufe ɗaukar ɗalibai, sai sabuwar shekara. Sabuwar shekara ta zo aka koma sai bayan zafi. Ranar da na ƙara tambaya ta ajiye cokali ta dube ni.

"Hannatu, kin san bizarki ta mutu kuwa? Fita ki ce za ki makaranta, ki ga in ba a gidan yari za ki yi karatun ba. Ni ce inuwarki a garin nan."

Tun daga ranar tsoro ya shige ni, har yanzu kuma bai gama fita ba. In motar 'yan sanda ta wuce da jiniya sai in ƙame da kwano a hannu. In an taɓa ƙofa sai in suri Nana in gangara ɗakina. An hana ni ɗaukar tarho. Kawu Isiyaku mutum ne mai sanyi, in ya ga idona ya yi ja iyakarsa ya ce in yi haƙuri, komai lokaci ne, ya ɗauki makullin motarsa ya fita. Wuri guda aka yarje mini zuwa, wani filin wasan yara a bayan layinmu, mai lilo da ɗan kurmi a gefensa. Can nake tura Nana a kekenta da hantsi, ina yi mata Hausa tana amsa mini da Turanci.

A wata Babbar Sallah na haɗu da Mma Adiza. An yi idi a wani zaure da aka kama haya, Anti ta tafi gaisawa da ƙawayenta ta bar ni a lungu da Nana da jakunkuna. Wata mata mai jiki, 'yar Kumasi, ta zauna kusa da ni tana tauna goro. Hausarta irin ta Zango ce, sai da na kasa kunne sosai. Ta kama hannuna ta juya shi, ta ga yadda sabulun wanke-wanke ya farfasa shi. Ta tambaye ni wace makaranta nake, na sunkuyar da kai. Ta tambaye ni ina fasfona, na dubi inda Anti take. Sai ta ja tsaki, ta ce ta ga irina da yawa, kowacce antinta ce ta kawo ta karatu.

Ta ce aikinta kula da tsofaffin Turawa ne a wajen Annandale, ta san gidajen da ke neman mai zama da tsoho. In na yi aiki na ɗan lokaci zan samu abin hawa jirgi in koma gaban uwata.

"Amma sai da fasfo, 'yata. Biza ta mutu ba komai, mai fita ba a tare shi. In babu fasfo kuwa, jirgi ba ya ɗaukarki ko kin tara duniya."

Ta karanta mini lambar tarhonta, na yi ta maimaitawa a zuci kamar hadda har muka koma gida.

Na daɗe ina lalube kafin in sami fasfon. Yana cikin akwatin da ke saman kabad ɗin Anti, ƙarƙashin zannuwan aurenta da ba ta ɗaurawa. Da na buɗe na ga hotona, yarinya mai kumatu da ɗankwalin makaranta, sai da na zauna a ƙasa. Na mayar da zannuwan yadda na same su. Saura inda zan ɓoye shi. Anti takan sauko ɗakina ta ɗaga katifa ta zazzage jakata, wai tana duba ko ina tara abinci kyankyasai su shigo mata. A jikina ma ba zai yiwu ba, Nana kullum tana kaina tana lalube-lalube.

Sai na tuna kakata, Iya. Duk abin da Iya ke ji da shi, mundayen azurfarta da ɗan abin da ta samu a gyaɗa, a tukunya take sawa ta binne a gindin rumbu. An yi gobara a gidanmu, an yi sata, nata ko ƙwarzane. Takan ce ɓarawo na da ido, wuta na da harshe, ƙasa kuwa ba ta da baki. Ni ban san wata dabara da ta wuce wannan ba.

Na samo gwangwanin madarar gari da ta ƙare. Na sa fasfon a leda, na haɗa shi da layar da Iya ta sa aka ɗinka mini saboda hanya, wadda igiyarta ta tsinke nake ɓoyonta a cikin matashi. A ganina ita za ta tsare mini shi. Na naɗe su a wani tsohon baƙin ɗankwali, na ɗaure tam da zaren kitson da na kwance daga kaina, don kada danshi ya shiga. Da hantsi, Nana na barci a kekenta, na shiga gefen kurmin nan na tona rami da babban cokalin miya, na saka, na rufe, na ɗora dutse. Na lura da itacen da ke kusa, ganyensa ja wur, ba wani irinsa a wurin. Ranar har waƙa na yi ina wanke-wanke.

Da gidan ya zama ba kowa na buga wa Mma Adiza. Ta ce in jira, da zarar wuri ya samu za ta zo ta ɗauke ni a bakin titi.

Wurin bai samu ba sai tsakiyar sanyi. Na riga na ga sanyin ƙasar, amma ta taga na gan shi, ban taɓa sa hannu a ƙasa a lokacinsa ba. Na san ruwa yana daskarewa. Ban san ƙasa ma tana daskarewa ba, wa zai gaya mini? A Funtuwa in ƙasa ta yi tauri ruwa ake zuba mata ta yi laushi. Na dunƙule Nana cikin barguna na tura ta filin. Itacen nan mai jan ganye ya zama tsirara kamar sauran, dukansu baƙaƙen sanduna, dutsena kuma yana wani wuri ƙarƙashin farar ƙanƙara tare da duwatsun Allah masu yawa. Na zaɓi inda zuciyata ta fi kwanciya, na share da hannu, na kafa cokali. Kamar a kan siminti. Na taka shi da ƙafa, ya lanƙwashe. Washegari na zo da ruwan zafi a filas na tsiyaya, ya ɗan yi tururi, kafin in yi abin kirki ya koma kamar gilashi. Nana na kuka, yatsuna sun mutu, farcena ya tsage.

Mma Adiza ta ce in taho haka, a dawo a tona daga baya. Na ce in na gudu ba ni da ƙafar sake tako unguwar nan, ba kuma zan bar shi a bayan gidan Anti ba. Ta jira ni iya jiranta, daga baya ta kai musu wata yarinya 'yar Saliyo.

"Sai ƙasa ta saki," ta ce. "Ke ma dai wa ya aike ki? Nan kika ga ya yi kama da gindin rumbun kakarki?"

A cikin wannan sanyin ne al'amura suka dagule a gidan. Anti tana da ciki, ta yi ɓari. Ni na wanke ta, ni na wanke zanen gadon, ni na dama mata kunu na zauna a kanta har ta sha. Wallahi na tausaya mata. Akwai ranar da ta riƙe hannuna tana kuka tana kirana 'yata. Ba a jima ba tasin Kawu ta zame a kan ƙanƙara ta daki ƙarfen gefen titi, shi ya tsira da targaɗe, motar kuwa ta tashi daga aiki. Sai Anti ta fara cewa wannan ba banza ba, akwai hannu a ciki. Nas ce, ta sha karatun Turawa, amma ta dinga turara gidan tana ambaton mutanen gida da ba sa son ta da arziki. Ni ban kawo komai a raina ba, hankalina na can gindin itace.

Da ƙanƙara ta narke na koma. Ƙasa ta yi laushi, amma wurin ya ɓace mini. Ma'aikatan filin sun zo sun kwashe busassun ganyaye da rassa, sun haɗa da duwatsu. Na tona nan, na tona can, ina mayar da ƙasa da sauri in na ji motsi. Babu.

A haka na fara ganin tsohon. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, da hular hana-sallah a kansa. Yana tafe a hankali yana kaɗa wata sanda mai faifai a ƙarshenta dab da ciyawa, dama da hagu, kamar mai shara ba tsintsiya, kunnuwansa a toshe da abin saurare. In ya ɗan yi gaba sai ya tsaya, ya durƙusa, ya yanki ciyawa da wuƙa ya tona, ya ciro wani abu ya jefa a jakar ƙugunsa, ya mayar da ciyawar ya danne da ƙafa. Ranar farko na ɗauka ma'aikacin hukuma ne aka turo saboda ramukan da na yi. Na ja keken Nana na gudu har takalmina na fita, na yini ina jiran a buga ƙofa.

Nana ce ta haɗa mu. Wata rana ta zame daga lilo ta sheƙa wurinsa, dole na bi ta. Ya cire abin kunnen ya ɗora mata, ya jefa makulli a ciyawa ya bi ta kansa da faifan, ta ji ƙara ta ƙyalƙyale da dariya. Ya ce sunansa Ralf, ya yi ritaya daga aikin raba wasiƙu, unguwarmu ma ya yi mata shekaru. Har gidanmu ya sani, wai shi ne gidan da ake kawo wa wasiƙu masu kan sarkin Najeriya. Na jawo Nana jikina, amma fuskarsa ba ta mugunta ba ce.

Ya ce na'urar ƙarfe take ji a ƙarƙashin ƙasa, in ta bi ta kansa sai ta yi masa ƙara a kunne. Ba aiki ba ne, sha'awa ce, tun da matarsa ta rasu ya rasa abin yi da safiyarsa. Ya zazzage jakar a kan benci. Yawanci shara ce, marafan kwalba, 'yan zobban buɗe gwangwanin lemo, ƙusoshi masu tsatsa. Amma akwai tsofaffin kwabbai da suka yi kore, da cokali mai yatsu, da wata 'yar motar wasa ba taya. Daga aljihun rigarsa ya ciro waɗanda ya fi ji da su, maɓallin rigar soja da wani harsashin dalma da ya yi fari fat. Ya ce na yaƙin basasarsu ne, a wata gona ya same su da izinin mai ita. Na ce mu ma mun yi namu, ƙanen babana ya tafi bai dawo ba. Ya mayar da harsashin aljihu. Can ya ce ba waɗannan ne suka fi masa daɗi ba, ya fi son ya tsinci zoben aure ko sarƙa ya gano mai shi ya kai masa. Bai taɓa riƙe abin da ya san mai shi ba.

Na dubi faifan nan, na dubi gefen kurmin.

Da na gaya wa Mma Adiza ta ce kul in ambata masa fasfo.

"Bature da gaskiya kamar yaro da ashana ne. Zai tambaye ki me ya sa kika binne, gobe ya kira miki hukuma wai don ya taimake ki."

Sai na yi dabara. Na cire ɗan kunnena guda na sa a aljihu, na nuna wa Mista Ralf ɗayan, na ce ɗan'uwansa ya faɗi a wajen itatuwan can, na mahaifiyata ne. Lissafina shi ne ina tsaye na'urar za ta yi ƙara, ya ciro gwangwani, in ce tarkacen wasan Nana ne in karɓe kafin ya buɗe. Idonsa har ƙyalli ya yi. Muka shiga gefen kurmin yana kaɗa sanda ina biye da shi, duk sa'ad da ya durƙusa sai in leƙa ramin. Marfin kwalba. Guntun waya. Wani marfin. Can na ga ya dakata ya saurara, sannan ya wuce bai tona ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce wannan ƙarar ta babban abu ce, gwangwani ko makamancinsa, shi kuwa ɗan kunne ƙararsa siririya ce, in ya ce zai bi kowane gwangwani sai ya tone garin duka.

Ban nace ba, kada ya zargi wani abu. Na kafa dunduniyata a wurin na murza har ta bar sawu. Ban fito da cokali ba ranar, ga shi yana nan tsaye, lokacin dawowar Anti daga aiki kuma ya gabato. Juma'a ce. Asabar da Lahadi suna gida, ba na fita. Na ce a raina Litinin da hantsi, in Allah ya kai mu.

Ranar Asabar ina kicin ina wanke shinkafa aka danna ƙararrawa. Anti ta ajiye gugar kayan aikinta ta buɗe. Na ji muryarsa, sannan na ji tata.

"Hannatu, fito, ashe baƙo gare ki."

Yana tsaye a bakin ƙofa, gwiwoyin wandonsa duk laka, yana murmushi har kunne, gwangwanina a hammatarsa. Ya ce ɗan kunnen bai same shi ba tukuna, amma bai haƙura ba. Da ya koma gida ya yi tunani, wani lokaci babban ƙarfe kan danne ƙarar ƙarami, shi ya sa ya sammako ya tone duk manyan don ya share wurin. Sai ga wannan. Ya buɗe ya kwance ƙunshin, yana ganin hoton ya gane ni. Ya tambayi Anti ko an taɓa shiga gidan an yi sata, don a ganinsa ɓarawo ne ya binne ya kasa dawowa.

Anti ta karɓi gwangwanin ta leƙa. Cikin Turanci mai daɗi ta ce masa ƙwarai kuwa, sun daɗe suna nema, Allah ne ya kawo shi. Ta shigo da shi falo, ta sa na kawo masa lemo. Kawu Isiyaku ya ninke jaridarsa yana kallona. Mista Ralf ya sa hannu ya ɗago layar, ya tambaya wannan 'yar fatar fa, ado ce? Anti ta ja da baya har ta bugi kujera, amma murmushin na nan a fuskarta. Ta ce masa eh, ado ne na gida.

Sai ya ciro kyamara, irin mai fito da hoto nan take, ya ce al'adarsa ce ya ɗauki duk wanda ya mayar wa kayansa. Ya sa mini fasfon a hannu ya ce in ɗaga. Anti ta matso ta rungumi kafaɗata, farcenta ya nutse a fatata, ta ce da Hausa haƙoranta a waje, "Yi dariya, 'yar banza, baƙo na kallo." Na yi. Hoton ya fito, ya fifita shi har ya bayyana, ya nuna mana, ya sa a aljihu. Ya shafa kan Nana ya tafi. Riƙon da na yi wa fasfona na ƙarshe ke nan.

Tana rufe ƙofa ta fizge shi ta jefa kan tebur. Ba ta taɓa sauran da hannu ba, da bakin biro ta baje baƙin ɗankwalin. Ga laya, ga zaren kitso, ga 'yan silin gashina maƙale a jikinsa. Ta tambaye ni yaushe na binne. Da na san abin da ke ranta da na yi ƙarya, amma gaskiya na faɗa, na ce kafin sanyi.

"Kafin sanyi," ta ce, ta dafe cikinta. "Isiyaku, ka ji? Kafin sanyi. Cikina. Motarka."

Sai lokacin na gane abin da take gani a kan teburin. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya ga baƙin ƙyalle da laya da gashi an tono su a bayan gidansa, ba zai tsaya tambaya ba. Na durƙusa na rantse mata da Allah fasfo kawai nake ɓoyewa, gida nake so in koma. Na ce a farke layar a gani, ayoyi ne na tsarin hanya, ta Iya ce, ita ma ta san Iya. Ta ce in fasfo nake ɓoyewa me ya kawo gashi. Na ce da zaren na ɗaure, ban ma lura ba. Ta ce ni da ta riƙe wa hannu tana kuka, ashe ina dariya a ciki.

Kawu ya ce a cire fasfon, a ƙona sauran in dai ƙonawa za a yi.

"Saratu, wannan takardar gwamnati ce."

"Tun yaushe yake kwance da abin nan a rami guda? Duk abin da ya fito daga ramin nan ba zai zauna a gidana ba."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ɗauki Nana ya hau sama da ita.

A bayan gidan akwai murhun gashin nama mai ƙafafu. Ta juye komai a ciki, ta tsiyaya man kunna gawayi. Na riƙe ƙafafunta na ce, "Anti, don Allah, don darajar Inna, ki dake ni, ki kore ni, ki bar mini shi." Ta ƙyasta ashana tana karanta Falaƙi da Nasi. Ɗankwalin ne ya fara ci, sai layar ta dinga ƙauri. Fasfon ya jima yana gardama, bangonsa ya kumbura ya buɗe da kansa, na ga fuskata ta nannaɗe ta yi baƙi. Maƙwabcinmu ya leƙo ta kan shinge ya ga hayaƙi, ya ɗaga mana hannu ya ce lallai yau ranar gashi ce, rana ta yi kyau. Anti ta ɗaga masa hannu ita ma.

Har yau ban sani ba ko da gaske ta yarda na yi mata sammu, ko haushin na shiga akwatinta ne. Ina jin duka biyun ne. Kuka take yi lokacin da wutar ke ci, kuma ba kukan ƙarya ba ne.

Ta hana ni taɓa abinci, ta hana ni taɓa Nana. Ina jin ta a tarho tana ɗaga murya don layin gida ba ya fita sosai, tana ba dangi labarin abin da aka tono, a kai wa Inna. Da tokar ta huce ta ce mai ƙazanta shi ke kwashe abinsa, in wanke mata murhu. Na wanke. Kafin in zuba ruwa na tattara tokar da hannuna na ƙulle a gefen zanena, ban san me zan yi da ita ba.

Ranar Litinin suka fita da Nana, aka kai ta gidan wata ƙawar Anti. Ko sallama ban yi da yarinyar ba. Na buga wa Mma Adiza na ce ta zo, na ɗauki jakata na tsaya a bakin titi, kowace mota ta wuce sai in bi ta da kallo. Da na shiga motarta ta dube ni sama da ƙasa, ta ce to, ina abin. Na kwance gefen zanena na nuna mata.

"Mene ne wannan?"

"Fasfona ne, Mma."

Ta dubi tokar. Ta tofar da goron bakinta ta taga, ta ja mota. Muka hau babban titi, muka haye kogi, ina riƙe da ƙullin a cinyata. Sai da muka kusa Annandale ta yi magana, idonta a kan hanya. Ta ce akwai wata tsohuwa da shanyewar ɓarin jiki ta kama, 'ya'yanta na nesa, masu zama da ita ba sa daɗewa. Ɗakin mai kula da ita a ƙarƙashin ƙasa yake. Ba a barin tsohuwar ita kaɗai, saboda haka babu fita.

"Su ba sa tambayar takarda," ta ce. "Abin da za su tambaye ki kawai, kin iya ɗaga mutum?"

Na ce na iya.